Zinare a Kan Baƙin Dutse

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Yau na fara. Kwamitin Islamiyyarmu ya ɗora mini gyaran allon dutsen da ke jikin katanga a bakin ƙofa, wanda aka kafa ranar da aka buɗe makarantar. Ba gwaninta ce ta jawo mini ba. Shagon buga kati da hatimi gare ni, mutane kuwa sun ɗauka duk wanda ya iya harafi a takarda ya iya shi a dutse. Na karɓa don a nan na yi karatu, kuma kullum na wuce allon nan sai kunya ta kama ni. An sa walimar sauka ranar Lahadi 23 ga Fabrairu, kwanaki kaɗan kafin azumi, kuma so ake a same shi yana sheƙi. Alhamis da Juma'a ne kawai nawa, ranakun da yara ba sa zuwa.

Na auna shi: santimita 60 a kwance, 40 a tsaye. Layi biyu na Larabci a sama, layi uku na boko a ƙasa, sai shekara a gindi, 1409 da 1989. Da hannu aka sassaƙa, da cizal da guduma. Ana gane haka daga cikin ramin harafin: gefe biyu ne da suka gangara suka haɗu a ƙasa kamar kwari. Rubutun da ake yi yanzu da feshin yashi gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, mai kaushi. Wannan gangaren shi ne dukiyar allon, domin ko ta ina rana ta fito, gefe ɗaya zai ɗauki haske, ɗayan ya yi inuwa.

Kafin in zuba masa komai sai da na tabbatar da irin dutsen. Na ɗiga ruwan lemon tsami a can kusurwar ƙasa inda ido ba ya kaiwa, na jira, na goge. Ko gezau. Da mabul ne da wurin ya dusashe, don tsami yana cin sa. Giranit ne, baƙi, gogagge. Alhamdu lillahi, zai jure reza da tinna, ruwan nan mai narkar da fenti.

Juma'a, 17 ga Janairu

Wanki. Abin da na ɗauka aikin awa biyu ne ya cinye mini safiya har aka yi kiran farko.

Ashe ba ni ne na fara tausaya wa allon nan ba. Da na sa tsinken sakace a cikin harafi ina ƙwaƙula, sai na riƙa ciro tarihi hawa-hawa. A sama akwai farar ƙasar da masu shafen katanga suka fantsama. Ƙarƙashinta fentin feshi ne ruwan ɗorawa, wanda wani bawan Allah ya fesa wa allon gaba ɗaya sannan ya goge fuskar da tsumma. Ƙarƙashin wannan kuma wani abu ne baƙi-baƙi mai ratsin kore, kamar bayan tsohuwar tasar tagulla. A can ƙasa, cikin kusurwar wani alif, na ga ɗan ƙyalli bai kai ƙwayar gero ba, yana nan fes bayan shekara talatin da shida. Na daɗe ina kallonsa.

Kayan yau: tinna, tsohon buroshin haƙori, tsinken sakace kusan rabin fakiti, ruwa da omo. Ban sa ƙarfe a cikin ramin ba, tsoron kar in fasa bakin harafi. Layi biyu na gama.

Alhamis, 23 ga Janairu

Na ƙarasa wankin. Na ɗauraye da ruwa mai yawa, na bar shi ya sha iska. Hunturu ya yi mini rana a nan, kafin la'asar ya bushe ƙayau.

Ranar Litinin na biya kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano na roƙi guntun giranit a wajen masu yankan tayil, na kai wa wani mai sassaƙa ya yi mini haruffa shida a kai, don in yi gwaji a gida. Hannuna bai taɓa wannan aiki ba, ba zan koya a jikin allon jama'a ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na sayo zinare iri uku, duk a gwangwani ko a alƙalami, duk kuma an rubuta musu zinare a jiki. Na cika haruffa biyu-biyu da kowanne, na ajiye guntun a kan katangar gida inda rana da raɓa za su same shi.

A daren nan na zauna na bi diddigin abin da ke cikin gwangwanayen. Fentin da muke cewa ruwan zinare babu ko ɗigon zinare a ciki. Yawancinsa garin tagulla ne, wato jan ƙarfe da tutiya, aka niƙa shi lukui aka kwaɓa da mai. Ranar farko ya fi kowa ƙyalli. Amma jan ƙarfe ba ya shiri da iska da danshi, a hankali sai ya yi duhu, ya yi kore. Baƙin nan mai ratsin kore da na ƙwaƙulo makon jiya shi ne. Akwai wani iri kuma da ake yi da garin wani ma'adini mai ƙyalƙyali da ake kira maika. Shi ba ya yin baƙi, sai dai haskensa irin na jan-bakin mata ne, ba na ƙarfe ba. In ka lulluɓe na tagullar da banish don ka kare shi, banish ɗin ya kashe rabin sheƙin tun a ranar, in kuma rana ta dafa shi ya fara ɓarewa, ya tafi da fentin.

Wancan ɗan ƙyallin da ke cikin alif fa? Zinare ne na gaske. Mutumin 1989 fallen zinare ya manna. Shi zinare ba ya tsatsa, ba ya baƙi, ba ya neman a rufe shi da komai. In ya tashi daga wurinsa to gam ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu, ko kuma hannun mutane ya kankare shi.

Laraba, 29 ga Janairu

Zaman kwamiti bayan isha'i. Na kai guntun dutsen da bayanina. Da na ambaci zinare na gaske, ma'aji ya gyara zama ya ce, “Malam, kuɗin tabarmi muke nema, kai kana maganar zinare a wannan marra da ya yi tashin gwauron zabi?”

Gaskiyarsa, sai dai lissafin ba haka yake ba. Fallen zinare ba a auna shi da nauyi irin na ’yan kunne. Ana dukan sa ne har kaurinsa ya koma kamar kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. A littafi ake sayar da shi, falle 25 tsakanin siraran takardu, kowane falle wajen santimita 8 ta kowane gefe. Na ce musu littafi biyu za su ishe mu har da ɓarnar ɗan koyo. Wanda zai zauna a waje kuma karat 23 ake so, wato kashi 23 cikin 24 zinare ne zalla, don in gauraye ya yi yawa shi ma zai iya sauya launi.

Shugaban makaranta, wanda shi ya karantar da kusan duk wanda ke zaune a ɗakin, bai ce komai ba sai a ƙarshe. Ya tambaye ni, “Na gwangwanin shekara nawa zai yi?” Na ce, “Allah gafarta Malam, ba zan yi maka alkawarin damina biyu ba.” Ya ce to a yi na gasken, sunan Allah ne a layin farko. Wani tsohon ɗalibi da ke fatauci zuwa Dubai ya ɗauki nauyin sayowa, da gam ɗinsa. Ma'aji ya saki fuska da ya ji ba daga asusu za a cira ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Kafin kaya su iso, shafin ƙasa. Fentin mai ne ruwan ɗorawa, irin na masu rubutun allon talla, na bi kowane harafi da siririn buroshi. Amfaninsa biyu: yana toshe ƙofofin dutsen inda cizal ya bi, don kar ya shanye gam, kuma in zinare ya tsage a wani wuri, rawaya ce za ta leƙo ba baƙi ba. Ban damu da fitar da fenti ya yi a bakin harafi ba. Fuskar dutsen santsi gare ta, in ya bushe reza za ta ɗauke.

Ƙura ce abokiyar gabata. Kafin in kai ƙarshen layi, farkonsa ya yi gashi. Ɗan yayata ya kawo tamfol, muka kafa gora biyu muka yi wa allon ɗan ɗaki, muka yayyafa ruwa a ƙasa. Masu wucewa suna ta leƙe, wani ma ya tambaya ko rijiya ake haƙa.

Juma'a, 31 ga Janairu

Yau na sha kunya, kuma gara da na sha ta yanzu.

Ina kankare fentin da ya fita da reza, a kwance nake riƙe ta kamar mai aski, sai ga Malam shugaban makaranta ya fito zai tafi masallaci. Ya tsaya a bayana ya karanta layi na biyu a hankali, ya ce, “Ina ɗigon fa ɗin?”

A layin akwai kalmar tahfiz da kalmar Alƙur'ani. Jiya da na zo kan harafin fa na duba samansa ban ga rami ba, na ga wani ɗan rami a ƙarƙashinsa, na ɗauka tsaguwa ce, na tsallake. Kan ƙaf kuma ɗigo ɗaya na gani, har na ce a raina mai sassaƙa ya manta ɗayan, ina tunanin yadda zan zana shi da fenti. Malam ya yi dariya har da riƙe sanda da hannu biyu. Ya ce, “Kai da ka yi allo a gidan nan? Boko ya cinye ka.” Rubutun irin namu ne na Magaribi, wanda muke rubuta allo da shi: fa ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a sama. Ni kuwa shekara da shekaru kwamfuta ta saba mini da na Gabas, inda fa ke da ɗaya a sama, ƙaf biyu. Mai sassaƙa bai yi kuskure ba ko ɗaya. Da na bi son raina da na gyara masa daidai ya koma ba daidai ba, da zinare kuma.

Bayan an sauko daga masallaci na ɗora farar takarda a kan allon na goga fensir, rubutun ya fito. Na kai wa Malam ya zagaye mini kowane ɗigo da jan biro. Ramuka biyu ya soke, ya ce waɗannan jifan yara ne. A ɓangaren boko ma na lura babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ, sai ɗan waƙafi da aka sassaƙa a gefe, irin yadda ake yi a zamanin tafireta. Zan bar su yadda suke, in cika waƙafin shi ma.

Talata, 4 ga Fabrairu

Guntun gwaji, kwana goma. Na alƙalami ya riga ya dusashe. Na tagulla bai yi baƙi ba tukuna, amma ya bar ƙyallin ranar farko. Na maika yana nan yadda yake, ba yabo ba fallasa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kaya sun iso jiya da dare. Littafi biyu da ƙaramin gwangwanin gam. Wanda aka manna a jikin siririyar takarda na ce a sayo, ba sakakke ba. Sakakken numfashinka ma ya isa ya tashe shi, balle iskar hunturu a bakin titi.

Na gwada shi kafin komai, don akwai na jabu, shi ma tagulla ce aka buga, fallensa ya fi faɗi ya fi kauri. Na ɗebo ɗan kaɗan na murza tsakanin yatsu, ya ɓace a fata bai bar ɓurɓushi ba. Na jabu murmushewa yake yi. Na gaske ne.

Gam ɗin na mai ne, an rubuta awa uku a jikinsa, akwai kuma na awa 12 da aka ce ya fi ba da sheƙi. Ba a manna zinare a kansa yana ɗanye, ba a kuma bari ya bushe. Akwai wani ɗan tsakani da ake jira, lokacin da in ka taɓa da bayan yatsa za ka ji ya ɗan riƙe ka ya sake, bai bar maiƙo a fata ba. Na wanke haruffa biyu a guntun gwaji na yi a kansu da yamma a ɗaki. Sun yi kyau har na kira uwargida ta gani. Na kwanta ina jin na iya.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ban iya ba.

Na shafa gam a layin boko na ƙarshe da ƙarfe bakwai, na ce zan dawo goma. Abin da ban lissafa ba, katangar gabas take kallo, baƙin dutse kuwa yana shan rana kamar kasko, har ta cikin tamfol. Da na dawo, gefunan haruffan sun bushe sun wuce, zinare ya ƙi kamawa. Can gindin ramin kuma, inda gam ya gangara ya taru, yana nan jiƙe. Da na danna falle sai ya nutse a ciki, ya yamutse, ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar tsohon kwabo. Harafi guda, sama ya bushe ƙasa ɗanye. Falle huɗu suka tafi a banza.

Laifin hannuna ne. Na cika buroshi kamar mai shafa fenti, alhali gam ɗin nan shafar mai ake yi masa, siriri, a ja shi daga gindin rami zuwa sama har sai ka ga kamar ba ka sa komai ba. Awa ukun da ke jikin gwangwani kuma na ƙasar da aka yi shi ne, ba na Kano ba. Na wanke layin da tinna, shafin ƙasan ma ya tafi, na sake shi. Mako guda ya tafi ke nan.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na sauya tsari. Sai bayan azahar nake farawa, lokacin da inuwa ta dawo kan katangar dutsen ya huce. Rabin layi nake shafawa, ba duka ba. Na ɗiga ɗan fentin rawaya a cikin gam don in riƙa ganin inda na bi. Na kuma shafa ɗan gam a guntun gwaji na jingine shi a gindin allon, shi nake taɓawa duk bayan minti goma maimakon in riƙa sa yatsa a cikin harafi. Yau bai kai awa biyu ba ya nuna.

Yadda nake yi: in yanka fallen da almakashi tare da takardarsa, tsiri-tsiri daidai tsayin harafi. In ɗora, in danna bayan takardar da babban yatsa, gefe ɗaya tukuna sannan ɗayan. In ɗaga takarda, zinaren ya zauna. Gindin ramin kusan kullum sai ya tsage, don falle ba ya miƙewa, sai in sake ɗora wani siririn tsiri a kai in tura shi da buroshi mai laushi. Buroshin na hodar uwargida ne, sabo, na yi alkawarin biya. Ɗigo kuwa ragowar da ta maƙale a takardu nake bi da ita, babu abin da ake zubarwa.

Lokacin da na share ɓurɓushin harafin farko da auduga na ja da baya, ɗan yayata ya ce, “Kawu, kamar an kunna masa wuta.” Inuwa ce fa a wurin, ba rana. Layi ɗaya da rabi yau.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Sauran boko da shekarun. Hannu ya fara sabawa, falle shida kacal na ci. Lambar 8 ce ta wahalar da ni, duk lanƙwasa ce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Da safe aka kira ni. Yara sun ɗaga tamfol, wani ya sa farce a cikin 9 ta ƙarshe don ya ga ko zai ciru. Ya ciru kuwa. Gam ɗin yana ɗaukar kwanaki kafin ya ƙanƙame sosai. Ban yi faɗa ba, ni ma a shekarunsa da na gwada. Malam ya sa babban ɗalibi zama a wurin lokacin tashi, ni kuma na buga katako a kan gorar.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Larabcin. Na bar shi ƙarshe da gangan, sai hannu ya nuna. Na yi alwala na fara da Bisimilla. Rubutun Magaribi wutsiyoyinsa dogaye ne masu zagaye, suna faɗi a tsakiya su sirance a ƙarshe har su zama kamar gashi, a nan ne gam ke son taruwa. Na riƙa tsotse shi da busasshen buroshi. Takardar Malam mai jan biro tana manne a gefe, kowane ɗigo na cika sai in soke shi. Ɗigon fa yana ƙasa, inda yake tun 1989.

Alif ɗin nan mai tsohon ƙyalli na yi ta shawara a kansa. A ƙarshe na rufe shi, don tun ranar shafin ƙasa ma na zagaye shi ne kawai, kuma ba zai yi kyau a bar rami a tsakiyar harafi ba. Yana nan a ƙarƙashin sabon.

Magariba ta same ni a kan layi na biyu, na ƙarasa da fitilar waya a bakin ɗan yayata.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Gyaran fuska. Zinaren da ya hau kan santsin dutse na bi da sabuwar reza a hankali, daga waje zuwa bakin harafi, kar in ja na ciki. Masu wannan sana'a a Ingila da ƙashin wani kifin teku suke gogewa, irin wanda ake rataya wa tsuntsaye a keji. Ni reza da danshin tsumma suka yi mini. Sai yau bakin haruffan ya fito da kaifinsa. Na sake 9 ɗin da aka ƙwaƙule.

Wani ɗan kwamiti ya kawo gwangwanin banish na feshi, da kyakkyawar niyya, wai a rufe don ya daɗe. Na ce masa, “Alhaji, don Allah a mayar wa mai shago.” Na roƙi mai shara kuma kar ya sa omo ko soso, in ƙura ta yi yawa a zuba ruwa kawai.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mun cire tamfol bayan asuba. Da rana ta ɗago ta bugi katangar, gefen kowane harafi ɗaya ya kama, ɗayan ya yi duhu, ana karanta shi daga tsallaken titi. Iyaye sun yi ta ɗaukar hoto da masu sauka a gabansa. Malam ya tsaya ya karanta daga sama har ƙasa, ya ce, “Madalla,” ya shige.

Ni na san inda aibin yake. A layin boko na biyu akwai wani “a” da gindinsa ya ɗan yamutse, da wata wutsiya a Larabcin da rawaya ke leƙowa in ka matso. Falle tara suka rage, na sa littafin a leda na ajiye a durowar shago tare da takardar jan biro. Bayan Sallah zan gyara waɗannan biyun. Guntun gwajin kuma na mayar da shi kan katangar gida, na rubuta kwanan wata a bayansa, zan duba shi in ruwan Agusta ya wuce.